Kwabon Baba Bitrus

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da na tsaya a falon surukina ina koya masa tarihin kwabonsa. Lokacin ma bai zama surukin ba, nan ɗin ne matsalar. Wata takwas ina zirga-zirga gidan su Rahila a Kafanchan, amma babanta, Baba Bitrus, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ƙi ba ni ranar da zan turo magabatana. In na gaishe shi sai ya ce, "Ticha, sannu," ya koma kan rediyonsa.

Ni kuwa a lokacin wata cuta ta kama ni, cutar tsofaffin kuɗi. A waya na fara ganin yadda wasu ke duba kwabo su gano kuskuren da aka yi tun a masana'antar da ta buga shi. Wani hujinsa ya kauce daga tsakiya, wani lambobin shekararsa sun fito biyu-biyu, wani in ka juya shi sai ka ga bayan a karkace. Abin ya shiga raina sosai. Har gilashin ƙara girma na saya ina yawo da shi a aljihu (malamin tarihi ne ni, sai na ce wa kaina ai aiki ne).

Ran nan ina jiran Rahila ta gama shiri, na hango gwangwani a kan kabad cike da taro da sisi da kwabo mai huji. Na nemi izinin dubawa, Baba ya gyaɗa kai kawai. Can ƙasa na ci karo da wani kwabo da ya fi sauran faɗi, ga shi falle kamar murfin gwangwanin madara, hujinsa ya miƙe. Nan take na ciro gilashina. Na taɓa karanta cewa in zoben da ke riƙe ƙarfen bai zauna daidai ba lokacin bugu, haka kuɗin ke bajewa.

Na roƙa aka ara mini. Mako guda ina kansa. Na gwada shi da rula, na ɗora shi kan wani kwabon, na ɗauke shi hoto gaba da baya. Abu ɗaya ya dame ni: a hotunan da na gani rubutun yakan fito raɗau, na wannan kuwa ya shafe, ya ja gefe guda. Na ce tsufa ne, na wuce wurin.

Ranar Lahadi bayan sujada na koma, na tarar da dattawan coci biyu suna shan kunu tare da Baba. Na ce yau ga dama, zai san ba ƙaramin mutum ne ke neman 'yarsa ba. Na miƙe tsaye (wallahi tsaye, kamar a aji) na yi bayani tiryan-tiryan.

"Baba, wannan ba kwabo ne kawai ba. Tun a Ingila injin ya yi kuskure. Masu tara irinsa nema suke ido rufe."

Ɗaya daga cikin dattawan har ya karɓi gilashina yana leƙawa yana gyaɗa kai. Sai ga Mama Saratu, maman Rahila, ta shigo da ƙarin kunu. Ta leƙa ta ce, "A'a, wannan ba kwabona ba ne?"

Baba ya kashe rediyo.

"Ticha," ya ce, "injin da ya yi kuskuren nan na san shi. Jirgin kaya ne mai zuwa Jos. Ina saurayi na sa shi a kan dogo, bayan tasha. Duk samarin layin mu muna yi. Ka ba yarinya, in ta sa zare ta rataya a wuya, ka san ka shiga."

Dattijon da ke riƙe da gilashi ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Daga bayan labule ma ina jin dariyar Rahila. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in bar musu takalmana in gudu. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da bakina.

Amma ka san halin cutar nan. Ina cikin wannan hali bakina ya suɓuce.

"Baba, to daga wane gefe jirgin ya taho? Na ga rubutun duk ya ja hagu."

Baba ya ce in matso. Ya ɗora kwabon a hannun kujera, ya nuna mini yadda ƙafar jirgi ke hawa, da dalilin da ya sa suke jiran jirgin kaya maimakon na fasinja. Mutumin da wata takwas ban ji jimla uku a jere daga bakinsa ba, sai da abinci ya huce yana magana. Da zan tafi ya rako ni har ƙofa.

"Ka gaya wa mutanenka su zo bayan an haƙe citta. Ba ka san kwabo ba, amma ka iya tambaya."

Har yau ina duba tsofaffin kuɗi. Sai dai kafin in ɗora wa Ingila laifi, nakan fara tambayar dattijon gidan abin da ya aikata da ƙuruciyarsa.