Yadda Malam Hambali Ya Ci Tabarma da Yaƙi

Da sunan Mai ɗaukaka wanda Ya so, Mai saukar da wanda Ya so, za a buɗe tarihin gwarzon unguwar Dukawa, sadaukin ƙofar gida, Malam Hambali ɗan Gwadabe, ɗan Jatau Mai Jar Fata, ɗan Tanimu Baduku, wanda masu ruwaya suka haɗu a kan cewa ya zauna bisa buzu guda tun yana saurayi, yana ɗinkin takalma da jakunkuna, har gashin buzun ya ƙare, na kansa ma ya bi sahu. Zuriya ce ta mazauna ƙasa, masu harɗe ƙafa tun hantsi har la'asar ba su ce wash ba. Ba a taɓa jin ɗayansu ya hau kujera ba sai Gwadabe, ranar da aka kai shi gaban mai ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya ga hoton ya san ba da son ransa ya hau ba.

Daga wannan tsatso mai albarka Hambali ya fito. Na Kulu mai basilla, dodon fatar sa, namijin da in ya zauna ƙasa takan san an zauna mata!

Sai dai shekaru suna da nasu mayaƙan, kuma ba sa aiko da manzo kafin su kawo hari. A hankali suka cinye mahaɗar ƙugunsa ta dama, wurin da kan ƙashin cinya yake juyawa cikin gurbinsa, har ƙashi ya koma yana gugar ƙashi. Aka kai shi wani asibitin ƙashi a birni, likitoci suka sa shi barci, suka yanke kan ƙashin da ya lalace, suka dasa na ƙarfe a madadinsa. Aka dawo da shi gida, 'yan dubiya suka cika zaure, aka yi shela an samu nasara, yaƙi ya ƙare.

Ga alama ba wanda ya kai wa Sarki Zogi wannan labari. Shi dai ya ci gaba da zama cikin daularsa tare da hakimansa: Tsami, mai kula da safiya, Suka, mai tsaron dokin ƙofa da duk wani tudu da za a taka, da Raɗaɗi, wanda yake saukowa daga ƙugu ya bi cinya har gwiwa duk ranar da hadari ya haɗu. Rauni ya warke, watanni suka shuɗe, ciwo bai tafi ba. Hambali ya koma wurin likita. Likita, mutum mai kirki, ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya ce, "Baba, dubi yadda ƙarfen nan ya zauna daram. Ban ga abin gyarawa ba. Wasu haka nasu yake daɗewa." Hambali ya dubi hoton da kyau, ya ga lallai hoton yana cikin ƙoshin lafiya, ya taya shi murna a zuci, ya karɓi ƙwayoyinsa ya ɗingiso gida. A unguwa kuwa, duk wanda ya ce masa "Ya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi," domin tun da aka kafa garin ba a ƙirƙiro wata amsa ba. Da ya yi ta faɗa, mutane suka gaskata, suka daina tambaya.

Duk wannan ya jure. Abin da ya kasa jurewa farar kujerar roba ce.

A unguwar Dukawa har yau ana ciyayya. Da zarar an idar da sallar magariba, kowane magidanci yakan sa a fito da tuwon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Hambali, ƙarƙashin darbejiya, a kewaye kwano guda a sa hannu tare, in an gama da shi a jawo na gaba. A wannan tabarma gashinsu ya yi fari, shi da Barau taubashinsa, wanda bakinsa ba ya hutawa a kansa, da Ladan Isiyaku, da Ɗan'azumi Kafinta. Amma tun da aka yi aikin, likita ya hana shi zaman ƙasa, sai aka ajiye masa kujera a gefen tabarma, ana zuba masa nasa a faranti yana ɗorawa a cinya. Daga can sama yana ganin tsakiyar hulunansu. Hira kuwa a ƙasa take tafiya. Kafin wata magana ta hauro wurinsa an riga an gama dariyarta. Barau ya laƙaba masa Ciyaman, kullum sai ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, an amince talakawa su fara?" Hambali yakan yi dariya, domin taubashi ba a fushi da shi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa hannunsa yana karo da hannun abokansa cikin miya ɗaya, yau ga shi yana ci kamar baƙon da ba a saba da shi ba, a ƙofar gidansa. Bai faɗa wa kowa ba. Sai dai tuwon ya daina yi masa ɗanɗano.

Ranar wata Laraba azama ta sauko masa. Ya ƙudura cewa kafin hasken yamma ya gushe sai ya ƙwato tabarmar kakanninsa, ya sa hannu cikin kwanon jama'a, ko da Zogi zai tara masa duk rundunarsa. Ya sanar da babbar waziriyarsa, matarsa Hajiya Kulu, tana tsaka da kwashe tuwo.

Ta ce, "Malam, kujerar nan me ta yi maka?"

Ya ce, "Ba ta yi mini komai ba. Shi ne laifinta."

"Likita fa?"

"Ya ce in kiyaye a farkon watanni. Farkon ya wuce, tsakiyar ma ta wuce. Miƙo mini sandata."

Ta miƙa masa, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a. In na ji ƙara, na san kai ne."

Da wannan addu'a ya fita. Ya yi magariba a zaune a ƙarshen sahu kamar yadda ya saba yanzu, liman na sallamewa ya sulale. Ya hangi abokansa uku sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, sun bi wani lungu daban, sai ya gode wa Allah da Ya ba shi fili ba 'yan kallo. Ya isa fagen fama. Ya ture naɗaɗɗiyar tabarma da kan sanda, ta warware a gabansa kamar ƙasar da ke jiran mai cinta, ya tsaya a bakin iyaka yana dubanta. Tazarar da ke tsakanin mutum a tsaye da tabarma ba ta da yawa ga mai lafiya. Ga Hambali kuwa, a yammacin nan, tafiyar fatake ce.

Ya jingine sanda. Ya rungumi gindin darbejiya da hannu biyu. Ya ce, "Bismillahi!"

Nan aka gwabza. Ya tura ƙafar dama, mai ɗauke da ƙarfe, can baya a miƙe, ya fara lanƙwasa gwiwar hagu, tsohuwar baiwa mai biyayya wadda ba ta taɓa zaton za a ɗora mata wannan nauyi ita kaɗai ba. Tana rawa, tana ƙara, tana neman afuwa, shi kuwa yana zamewa a jikin itace, ɓawon darbejiya yana kankare masa tafin hannu, har Suka ya ji labari ya fito da dakarunsa ya soke shi a ƙugu, Raɗaɗi ya kewayo ta baya ya kunna wuta tun daga cinya har idon sawu, duniya ta yi masa fari fat. A wannan karo na farko hularsa ta yi shahada, ta faɗi ta gangara bakin kwata, ba ta ƙara komawa fagen ba.

"Ya Salamu!" in ji gwarzo, gwiwar hagu ta taɓa tabarma.

Ya saki itace ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ga shi nan a rarrafe, ƙafa ɗaya a baya, gumi yana ɗiga daga gemu, ba shi a sama ba shi a ƙasa, sai wani mai keke ya zo wucewa ya rage gudu ya ce, "Sannu da hutawa, Malam."

Hambali ya ce, "Yauwa, sannu kadai." Domin ko a tsakiyar yaƙi ba a barin gaisuwa ta faɗi.

Saura juyi, kuma a juyi ne dauloli suke faɗuwa. Ya tara abin da ya rage masa na numfashi da tawakkali, ya tuna Tanimu da buzunsa, ya tuna Jatau, ya karkata ga ɓangaren hagu a hankali, a hankali, yana jan ƙafar ƙarfe tana biyo shi kamar ganimar da ba ta son tafiya, Zogi da kansa ya fito ya yi masa sara na ƙarshe wanda ya sa shi kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, sannan aka ji tim.

Malam Hambali ɗan Gwadabe ya zauna a ƙasa.

Ƙafar dama tana miƙe a gabansa kamar taɓarya, ƙugu yana bugawa. Amma ya ji ƙanshin kaba da na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, ya ji sanyin wurin yana ratsa shi, ya ga ƙofar gidansa daga inda ya saba ganinta tun yana yaro. Ya shafa tabarmar da tafin hannu. Idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi a kan zafin ciwo ne. Aka fito da kwanukan tuwo aka jera a gefe. Ya gyara wuyan riga, ya shirya fuskar wanda bai yi wani abin a-zo-a-gani ba, yana jiran su iso su gan shi.

Sai ya ji nishi da ƙarar katako daga lungu. Barau ne a gaba, ya ɗauko benci a kafaɗa; Ladan Isiyaku yana jan wani; Ɗan'azumi Kafinta a baya, ya kifa tebur a ka, sabo fil, yana ƙanshin itace. Ashe su ma sun daɗe suna lura da farantin nan da yake komawa cikin gida da saura. Suka yi shawara a ɓoye cewa tun da Hambali ba zai iya saukowa ba, su za su hau, Ɗan'azumi ya auna tsayin farar kujera da ido ya ƙera komai daidai da ita.

Suka dire kaya suna haki. Barau ya dubi kujera ya ga wayam. Ya ce, "Ina Ciyaman?"

Murya ta fito daga ƙasa: "Ga ni nan."

Suka sunkuya su uku. Ladan ya ce, "Subhanallahi! Faɗuwa ka yi?"

"Saukowa na yi."

"Da kanka?"

"Da kaina."

Ɗan'azumi ya dubi teburinsa, ya dubi Hambali, ya ce, "To, mu kuma hawa muka zo yi."

Suka dubi juna kamar rundunoni biyu da suka yi tattaki don ceton juna suka saɓa a hanya. Can Ladan ya ce tun da an sha wahalar ɗaukowa, bari ya ɗan gwada bencin kafin a mayar. Ya zauna. Ya miƙe ƙafafu. Ya lumshe ido ya saki wata doguwar ajiyar zuciya wadda ta fi kiran sallarsa tsawo. Barau ya ga haka ya zauna shi ma, ya jijjiga, ya dafa gadon bayansa.

Ya ce, "Kai, Hambali! Amana ke nan? Ashe daɗin da kake sha ke nan a sama, kana kallonmu muna murƙususu a ƙasa, ko ka ce mana ku taso?"

Ladan ya ce, "Ni gwiwoyin nan tun bara suke kashe ni. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Ɗan'azumi ya ce, "Ni bayana ne. Kun ga ina riga kowa zama? Don kar ku ga yadda nake yi ne."

Hambali ya ce, "To, na ji. Ku sauko, tuwo zai huce."

Ladan ya ce, "Malam Hambali, ka san ina ƙaunarka. Amma wallahi yau ba na sauka."

"Kai ka hauro mana," in ji Barau. "Ga kujerarka nan, ranka ya daɗe."

Gwarzo ya yunƙura. Zogi ya aiko masa da saƙo a taƙaice cewa hanyar da aka bi aka sauka an rufe ta sai wani lokaci. Suka kama hannuwansa za su ɗaga, ya ce su sake shi don girman Allah, sai ƙafar ta lafa. Tuwo kuwa ba ya jiran sulhu. Aka jawo tebur har gabansa, aka ɗora kwano a kai, aka buɗe, tururin miyar kuka ya tashi sama ya wuce shi. Daga inda yake zaune yana ganin ƙarƙashin tebur, da aikin ƙusa mai kyau, da gwiwoyin abokansa guda shida da ƙafafun benci.

Ɗan'azumi ya ce, "Bari a zuba maka a murfi a miƙo."

"Kul!" in ji Hambali, da muryar da ta sa tsuntsayen darbejiya tashi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya ɗaga hannun dama sama ya tsallake bakin tebur da shi, yana lalube.

Barau ya ce, "Gaba kaɗan. Hagu. A'a, wannan yatsan Ladan ne. Yauwa, sauka nan."

Ta haka, a yammacin Laraba, a gaban shaidu adilai, hannun Hambali ɗan Gwadabe ya koma cikin kwanon jama'a, ko da yake mai hannun bai ga kwanon ba. Ya yanko loma ya sauko da ita, miya tana bin tsintsiyar hannunsa har cikin riga. Ya sake aika hannun neman nama, ya kewaya kwanon gabas da yamma.

Ladan ya ce, da cikakken baki, "Guda ɗaya ne dama."