Wandon Kakan Alhaji Braimah

Unguwarmu Maamobi, a Accra, ta yi sa'a da Allah Ya ba ta Alhaji Braimah. Wasu unguwannin sai dai su yi taƙama da likita ko lauya, mu kuwa muna da masanin tarihin wando. Farfesan Wando ake ce masa, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu, don bai taɓa zaton zolaya ba ce.

Tela ne, a faɗarsa. Rabonsa da taka keken ɗinki shekara ashirin, amma tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, har a wurin jana'iza.

Da ƙungiyar telolin unguwa ta tashi zaɓen ciyaman, kujerar da ke raba aikin yunifom na makarantu, sai Alhaji ya sadaukar da kansa. Abokiyar takararsa Hajiya Sahada ce, wata mai shago a bakin titin Nima, wadda ba ta iya komai ba sai ɗinki.

Ranar zaɓe aka kafa rumfa, aka ba kowa minti biyar. Alhaji ya ci arba'in.

"'Yan'uwa," in ji shi, "kafin kakana Mas'udu ya sauka garin nan, kowa zane yake ɗaurawa. Shi ya fara raba ƙafar dama da ta hagu. Turawa a jikinsa suka gani suka kwaikwaya. Wando kayan maza ne tun asali. Yaya za mu ba mace ragamar abin da ba gadonta ba?"

Daga nan ya buɗe wata jaka, ya zaro wando ruwan toka, ya ɗaga sama da hannu biyu. Wandon farko a Accra, in ji shi, shekararsa ɗari da hamsin. Ya nuna faɗin gaban wandon.

"Ku dubi wurin tumbi. Mutanen da sun ci sun ƙoshi."

Don tsabar karamci ya yarda a zagaya da shi kowa ya taɓa. Abin da Farfesa ya manta, saboda nisan da ya yi a ilimi, shi ne tela ba ya riƙe tufa bai juya cikinta ba.

Baba Seidu, dattijon ƙungiyar, ya juya cikin wandon. Ya ga ɗinkin inji, ya ga ɗan farin ƙyalle mai hoton injin wanki. Ya miƙa gaba. Haka wandon ya yi ta tafiya daga hannu zuwa hannu har ya iso hannun Hajiya Sahada. Ta ja robar gaban wandon, ta sake ta, ta koma.

"Alhaji," ta ce a hankali, "wannan na masu juna biyu ne. A dilar gwanjo ake samunsa. Wata nawa ne cikin kakan namu?"

Alhaji ya gyara tef ɗin wuyansa. Ya bayyana cewa Mas'udu mutum ne mai hangen nesa, kuma masana sun yi saɓani a kan wannan batu.

Aka kaɗa ƙuri'a. Hajiya ta samu sittin da uku, Alhaji ya samu biyu. Baba Seidu ya zo daga baya ya ba jama'a haƙuri, ya ce ɗaya daga cikin biyun tasa ce, ba da tabaransa ya fito ba.