Babbar Rigar Alhaji a Wuyana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so, da ranar da babban yatsana ya tona min asiri.

Direba ne ni a wani gida a Nassarawa GRA, a bayan sitiyari na yi furfura. Boko kuwa tun a aji uku muka raba gari (shi ya fara guduna). Ana gobe Sallah maigidana Alhaji ya aike ni karɓo babbar rigarsa wajen mai guga. Shadda ce, ta sha aiki. Na ce wuyan da ya ɗauki wahalar gidan nan ai ba zai kasa ɗaukar riga ba. Na zura ta, na jingina da motarsa, maigadi ya ɗauke ni hoto.

Akwai wata manhaja mai gyara fuska a hoto. Da na sauke ta sai ta jero min sharuɗɗa da Turanci, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Na danna amincewa. Wa yake karanta wannan? Na ɗora hoton ta gyara shi, 'yan garinmu kawai na tura wa, su san Kano ta karɓe ni.

Bayan Sallah ina tuƙa Alhaji da 'yarsa lauya ta wajen Hotoro, sai ta miƙa masa waya.

"Baba, wannan ba rigarka ba ce?"

Ni ne, baki har kunne, a tallan manhajar. An rubuta a ƙasa wai ka fito kamar attajiri.

Mai hankali shiru zai yi. Ni sai na ɗaga murya. "Barista, wannan sata ce. Kotu za mu kai su. Da izinin wa suka ɗauki hotona?"

Ta karɓi wayata ta lalubo sharuɗɗan. "Da izininka, Malam. Ka yarda su yi talla da duk hoton da ka ɗora."

Alhaji ya yi gyaran murya. "To ita rigar, da izinin wa?"

Na ƙanƙame sitiyari, ina tunanin gidan da zai ɗauki tsohon direba aiki.

Bai kore ni ba. Barista ta sa kamfanin ya cire hoton (ashe wannan ma haƙƙina ne, yana cikin tururuwar). Amma kullum da safe Alhaji sai ya ce, "Ranka ya daɗe, attajiri, a taimaka a kai talaka ofis." Maigadin da ya ɗauki hoton har rusunawa yake min.

Yanzu duk abin da ya ce in danna, sai an karanta min. Guga kuwa, a leda nake karɓo shi, a leda nake miƙawa.