Ɓarayi da Raƙumin Jatau

Ranar da rediyo ya sanar an yi sata a gidan adana zane-zane na birni, babu wanda ya kai Jatau mai zane murna. Aka ce ɓarayi sun shiga da rana tsaka cikin kayan masu gyaran wuta, sun yi awon gaba da zane biyar mafi tsada a babban ɗaki, kuma har yau ba a kama ko hular ɗayansu ba. To, a wannan ɗakin aka rataye zanen Jatau ɗaya tilo, wanda ya shekara biyu yana roƙo kafin a karɓa. Raƙumi ya zana, amma masu kallo kan tambaya ko jimina ce.

Jatau ya daka tsalle har ya kifar da kwanon kunu. Ya ƙwala wa matarsa kira: "Hansatu, fito ki yi guɗa! An sace zanena! Mijinki ya shiga sahun manya!" Ya sayo tsire ya raba wa maƙwabta, ya yi aski, ya zura babbar riga saboda 'yan jarida.

Bayan kwana uku 'yan sanda suka buɗe gidan. Jatau ya shiga yana taku ɗai-ɗai, har ya shirya fuskar tausayi. Sai ga ƙusa biyar a bango babu komai, raƙuminsa kuwa yana nan daram a tsakiya, ya ɗan karkace.

Ya juya ga tsohon mai gadin, Baba Maikano, da ke cin goro a bakin ƙofa.

"Baba, wannan wane irin wulaƙanci ne? Sun ɗauki na dama, sun ɗauki na hagu, suka tsallake nawa? Makafi ne?"

"A'a, ɗana, idonsu garau."

"To sauri suke yi ke nan. Ko hannu ne ya cika musu?"

"Su huɗu ne, kuma da mota suka zo."

Jatau ya share gumi. "Ko taɓa shi ba su yi ba, Baba?"

Baba Maikano ya gyara zama, ya ce, "Haba, kada ka ɗauki alhakinsu. Sun tafi da shi mana. Washegari suka aiko da shi a keke, suka ce a ba mai shi haƙuri."