Yadda Za Ka Je Taron Masana Falsafar Siyasa Ka Dawo Ba A Zaɓe Ka Sakatare Ba

Idan kai sabon shiga ne a Ƙungiyar Masana Falsafar Siyasa, kuma takardar gayyatar taron shekara ta iso hannunka, zauna ka karanta wannan kafin ka goge takalmi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka je ka dawo da mutuncinka, babu ko kwali ɗaya a bayan motarka. Shekara goma sha tara a jere na yi ina shiga taron nan ina fita lafiya, ko riƙon ƙofa ba a taɓa ɗora mini ba. Ka san da wanda kake magana.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake gudu

Mu mutane ne da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kan tambayar wa ya cancanci mulki. Kwana biyu muke yi muna karanta wa juna maƙalu a kan adalci da 'yanci da yardar talakawa. A rana ta uku sai a tura ƙofar zaure a yi zaɓe. Shugabanci kowa na so, don aikinsa zama a tsakiya ne da gyaɗa kai. Sakatare kuwa shi ke ajiye takardun ƙungiya a gidansa, tunda ba mu da ofis. An taɓa kawo shawarar a kama ofis, sai muhawara ta karkata kan ko mallakar wuri ma ta dace da adalci, aka kafa kwamiti, har yau yana nazari. Takardun yanzu kwali arba'in da uku ne.

Sashe na tara na tsarin mulkinmu ya ce wanda ba ya cikin zaure lokacin da aka ambaci sunansa bai ƙi ba, wanda bai ƙi ba kuma ya yarda. Manyan farfesoshi ne suka tsara shi, an ma yi digiri biyu a kansa. A aikace, duk wanda ya leƙa waje, ya dawo ya tarar shi ne sakatare. Kada ka ce to sai ka yi zamanka a gida. Wanda bai sa hannu a rajistar ranar ba, ba ya samun takardar halarta, kuma ba takardar halarta, ba ƙarin girma a wurin aiki.

Mataki na biyu: Ka yi nazarin wanda ya faɗa

Ina da aboki, malamin darasin 'yanci, wanda ya riƙe muƙamin shekara goma sha ɗaya, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Sakatare yake ce masa. Shekarar farko waya ya fita amsawa. Wata shekara aka ce motarsa ta tare hanya, ya je ya gyara. Wata shekara kuma an fita sallah a jere an dawo a jere, shi ya tsaya neman takalminsa na hagu. Kowane karo yakan dawo ya zauna ya rubuta rahoton taro da hannunsa: "An zaɓi sakatare baki ɗaya. Sakatare bai halarta ba."

Gidansa ɗaki uku ne, nasu da na yara da na kwalaye. Bana idon mahaifiyarsa ya yi rauni, zama ita kaɗai ya gagara, aka yanke za ta dawo wurinsu ranar Asabar, wato ranar zaɓe. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da lokacin doguwar magana. Ta ce, "Malam, ba zan shimfiɗa wa Inna katifa a falo ba alhali takarda na kwana a ɗaki mai ƙofa. Ko ka dawo ba sakatare ba, ko ka zo ka gaya mata da bakinka."

Ya same ni a ofis, ya zauna bai ko cire hula ba, ya ce, "Ka koya mini yadda kake yi."

Na ce ya kwashe kwalayen ya kai bola, a huta. Ya dube ni kamar na zage shi. Sashe na goma ya ce takardu su kwana a ɗaki mai kulle, shi kuwa littafi guda ya rubuta a kan wajibcin bin doka ko da ta cuce ka. Tausayinsa ya kama ni, na yarda zan koya masa. Ka riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: Ka bushe tun jiya

Daga la'asar ɗin jajibere, kai da ruwa sai alwala. Ban da kankana, ban da lemo, ban da romo. Yawancin waɗanda suka faɗa, mararsu ce ta ci amanarsu.

Ka kula da wata baiwar Allah da muke kira Farfesa Mai Flas. Ƙwararriya ce a kan daidaito tsakanin al'umma, kuma kowace shekara tana zuwa da flas biyu na shayi mai madara, tana zagayawa da fara'a, ita kanta ko kurɓa ba ta yi. Da safen ranar zaɓen bana ta tare Sakatare a bakin zaure.

"Sakatarenmu, leɓenka ya bushe. Ɗan kofi ɗaya."

Ya ce, "Na gode, Farfesa, likita ya hana."

"Wane likita ne ke hana shayi?"

Ya nuna ni. Ni ma dakta ne, amma na ra'ayin gurguzu. Ta harare ni ta wuce wurin sababbin shiga.

Mataki na huɗu: Ka zaɓi kujera da lissafi

Kada ka zauna kusa da ƙofa, don wanda ke kusa da ƙofa shi ake aika. Kada ka zauna kusa da taga, kana iya ganin wani da ka sani. Ka nemi tsakiyar layi, tsakanin manyan mutane biyu, ina nufin manya a jiki, yadda ko zuciyarka ta raya maka tashi sai an yi shawara da gwiwoyi huɗu. Takalminka ka sa a leda ka rataya a hannu in an fita sallah. Haka na yi wa Sakatare, na dasa shi tsakanin wani masanin dokar ƙasa da wani masanin juyin juya hali, ni na zauna a bayansa.

Sannan ka kashe waya. A nan kaɗai ya yi mini gardama. Ya ce Inna na hanya, motarsu sai magariba za ta iso, matarsa kuma tana bakin aiki har ƙarfe shida, ba zai iya kashewa ba. Na ce to ya cire ƙara ya tura ta can cikin aljihu.

Mataki na biyar: Kada ka yarda da duk abin da ke faruwa a waje

Ƙarfe goma sha ɗaya Shugaba ya buɗe zaɓe. Mutum saba'in, kowa ya manne da kujera. Sha biyu ta wuce ba wanda ya motsa, abin da bai taɓa faruwa ba, don a da kafin wannan lokacin Sakatare ya riga ya fita.

Sai dabaru suka fara. Wani ya sanar cewa an ga hayaƙi na fita daga wata farar mota. Masu fararen motoci goma sha huɗu suka dubi juna, kowa ya ce Allah ya mayar da alheri. Aka kawo abincin rana aka jera a baranda, aka buɗe murafen, ƙamshin shinkafa da kaza ya shigo ya zauna tare da mu. Masanin juyin juya hali ya share hawaye, amma bai tashi ba. Aka fita sallah Shugaba na ƙirga kawuna, aka dawo saba'in cif, Sakatare da ledarsa a hannu.

Can wajen ƙarfe biyu wani tsohon farfesa ya yi barci. Nan take aka kawo ƙudurin cewa mai barci ba ya cikin zaure, tunda hankalinsa ya fita. An yi sa'a guda ana kai ruwa rana, an kawo hujjoji daga ƙarni uku. Daga ƙarshe aka yanke cewa munshari furuci ne, kuma a yanayin da ya fito ya fi kama da ƙi. Tsohon ya tsira bai ma sani ba.

Duk wannan Sakatare na zaune yana rubutawa, gumi na ɗiga a kan littafin rahoto. Ya waiwayo ya yi mini murmushi. Shekara goma sha ɗaya ban ga haƙoransa a zauren nan ba, raina ya yi fari ƙal.

Mataki na shida: Kada ka saurari wayar wani

Ƙarfe uku da ɗan wani abu na ga aljihunsa na haske. Baƙuwar lamba ce. Na zungure shi, bai kula ba, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya amsa. Zauren ya yi tsit, don haka na ji muryar tsohuwa sarai.

"Ni ce. Motar ta yi sauri, mun iso. Wani bawan Allah ne ya ara mini waya. Ina nan zaune a kan jakata inda suka sauke ni, ban gane ko'ina ba. Kada ka damu, ka gama aikinka tukuna."

Ya ɗago. Ya rufe littafin a hankali, ya sa murfin biro, ya miƙe. Gwiwoyi huɗun da na yi masa shinge da su suka kauce da kansu, har da ladabi. Farfesa Mai Flas ta gyara murya. Hannuwa suka fara tashi tun bai kai ƙarshen layi ba, hannuwan da suka rubuta littattafai a kan zalunci.

Ya miƙo mini littafin ya ce, "Riƙe mini. In na dawo na rubuta. Na san abin da zan rubuta."

Da ya yi fushi, da ya zagi ƙungiya, da na zauna abina. Amma haka ya faɗe ta, ba ko ɗaci a muryarsa, ya riga ya fara tunanin yadda zai gaya wa uwarsa a falo za ta kwana.

Na ce, "Koma ka zauna. Kawo makullin motar."

Ya ce, "Ai ba ka san ta ba."

Na ce, "Tsohuwa mai kama da kai, zaune a kan jaka, su nawa ne a tasha?"

Ya ce, "Ka san abin da za su yi maka."

Na ce na sani, ni na koya masa. Na mayar masa da littafin, na karɓi makulli na fita. Ban kai matakalar bene ba na ji tafi.

Mataki na bakwai: Kada ka yi aboki a cikin ƙungiya

Wannan shi ne matakin gaske, sauran shida ado ne. Ƙishirwa ana iya jure ta, yunwa ma haka, amma aboki zai fitar da kai daga zaure ko da ka shekara goma sha tara a zaune.

Na tarar da Inna yadda ta faɗa, a kan jaka, da sanda a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni abokin aikin ɗanta ne, na kama hannunta zuwa mota. A hanya ta saki jiki tana ba ni labari.

"An ce ɗana babba ne a ƙungiyarku. Shekara goma sha ɗaya ana zaɓensa, ba mai ja da shi. Kowa a unguwarmu ya sani, ni nake gaya musu."

Na ce, "Haka ne, Inna. Amma yau ya sauka."

Ta ce, "Laifi ya yi?"

"Ko kusa."

"To wa suka sa a madadinsa?"

Na ce, "Ni."

Ta zare hannunta daga kan kujerata, ta juya fuska wajen taga. Haka muka isa gida.

Washegari aka kawo mini kwalaye a motar ɗaukar kaya, da littafin rahoto a saman na farko. Shafin ƙarshe da rubutun abokina: "An zaɓi sabon sakatare baki ɗaya. Sabon sakatare bai halarta ba." Na je gidansa bayan mako guda. An share ɗakin, an sa gado da labule, taga a buɗe, Inna na kishingiɗe jikoki na matsa mata ƙafa. Matarsa ta cika mini faranti har ya yi tozo. Inna kuwa da na gaishe ta sai ta tambayi jikarta, "Wannan ne wanda ya ƙwace wa babanku kujera?" Abokina ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa. Har yau da ƙyar take amsa gaisuwata, kuma na gwammace haka da ta san yadda aka riƙa zaɓen ɗanta.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin ciwon mara, ko ƙonewar mota, ko hucewar abinci, ko fushin tsofaffi ba. Wanda ya bi matakan nan aka kuma zaɓe shi, tsakaninsa da sashe na tara. Mai ƙorafi ya rubuto wa sakatare, za a adana takardarsa a kwali na arba'in da huɗu, wanda ke ɗakin da matata ta yi shekara uku tana cewa na ɗinki ne. In kuma ka zo taro ka ga wani dattijo ya nufo ka da fara'a da sabon flas, yana cewa leɓenka ya bushe, ni ne, kuma ban san ka ba.