Jan Mayafi a Filin Tseren Babur

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tsayar da tseren babur da hannu ɗaya, ni da ko keke ban iya hawa ba.

'Yata ta fari ce ta ja ni wajen. Tun tana ƙarama ta shiga wata ƙungiyar yara masu tsere a kan turɓaya, can bayan Upper Marlboro a nan Amurka, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Baburan nan ba su da birki (ranar da babanta ya gaya mini haka, tuwo ƙin wucewa ya yi). Wani tsohon Bature mai yayyafa wa filin ruwa ya taɓa ba ni tarihin ƙungiyar. Wai iyaye ne suka kafa ta saboda yaran da ba su isa shiga babban rukuni ba, ta mutu, aka sake tashin ta. Rabin Turancinsa wuce ni ya yi, don ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na yi ta gyaɗa kai.

Ranar ce tseren ƙarshe na shekara. Na ɗaya da na biyu za su haura babban rukuni, kuma yarinyar nan da wannan take kwana take tashi.

Na tsaya jikin wayar shinge daidai kwanar filin, ni da maƙwabciyata Maman Dauda, nas ce 'yar Jos. Kowace uwa tana ƙwala sunan ɗanta, ni kuwa shiru.

Ta zungure ni. "Hajiya, ki kira 'yarki mana! Bashi kika ci?"

Na ce, "Haba Maman Dauda, 'yar fari? A bainar jama'a?"

"Ku da kunyarku! To bari in ara miki baki. Safiya! Safiya!"

Aka saki yara. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, irin na ruwan fari a Funtua, sai hankalina ya fara tafiya. Ƙarar injuna ta yi nisa, ta koma kamar injin niƙa a wata unguwa. Na ga yarinyar ta kwantar da babur, ƙafar hagu na shafar ƙasa, a hankali, kamar mai shimfiɗa tabarma. Na tuna ina goye da ita a tashar bas ta Hyattsville, ƙanƙara na sauka a kan hularta. Da na dawo hayyacina, ita ce a gaba. Ita kaɗai!

Ƙirjina ya cika, baki ya ƙi buɗewa. Hannu ne ya yi gaban kansa. Na zare mayafina, ja wur, sabo, na miƙa shi saman waya ina kaɗawa kamar an kawo amarya.

Ashe abu na farko da ake koya wa yaran nan shi ne, ka ga ja ana kaɗawa, wani ya faɗi, ka tsaya. 'Yata ce ta fara rage wuta ta tsaya (ba ta taɓa karya doka ba, tarbiyyata ce). Sauran suka bi ta. Fili ya yi tsit. Mai lasifika yana tambayar wa ya faɗi. Masu ba da agaji suka rugo. Can na hango mai jar tuta na ainihi, tasa tana naɗe a hammata, ya zuba mini ido. Kowa ya juyo. Ni kuwa hannu na sama har lokacin.

Maman Dauda ta raɗa mini, "Hajiya, sauke. Don Allah sauke."

Aka sake tseren daga farko. Ta zo ta uku.

Muka shiga mota, babanta na tuƙi. Sai da muka yi nisa yarinyar ta cire fuska daga taga, ido jawur, ta ajiye Turanci ta yi mini da gurguwar Hausarta:

"Mama, me ya sa ba ki kira sunana kawai ba?"

Babanta ya yi gyaran murya ya ce, "Ki yi haƙuri. Tun da na auri uwarki ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Yau da ta tashi ɗagawa, ga shi duk jiha ta ji."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

Shekara guda ta ƙara a ƙaramin rukuni saboda ni. Abin da na koya shi ne, a ƙasar mutane, kafin ka ɗaga abu sama ka tambayi me launinsa ke faɗa. Kuma in murna ta zo wa mai kunya, gara ta zauna a kan hannunta.