Tsohuwar Bakin Gulbi

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da wata la'asar a Aliero ba, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Lokacin ina sabon malamin firamare, kaina cike da iska. Na ƙirƙiro wani wasa da muke yi a tabarma a ƙofar gida: ni ke ba da labari, abokaina su zama jaruman ciki, kowa ya faɗi abin da zai yi, ƙwayar ludo ta raba gardama.

Matsalata ɗaya ce, Ɗan'ige mahauci. Na kawo dodo, ya ce ya zare wuƙa. Na kawo ɓarawo, wuƙa. Ko jaki na sa a hanya, wuƙa. Wasa ya gundure mutane, har Bello direban Jega ya ce in zama na gaba ma yanka ne, shi ya koma dara. In ya tafi kuwa sauran za su bi shi, wasana ya mutu.

Sai na yi mako guda ina tsara abin da wuƙa ba ta iyawa: tsohuwa a bakin gulbi, ita kaɗai ta san mashigi. A kashe ta, a kwana a tsallake. Hanyar shawo kanta na cika shafi huɗu da ita, har da kacici-kacici (a raina ina jin duk ƙasar Kabi babu mai kai irin nawa).

Muna tsaka da wasa Kawu Sambo, yayan mahaifiyata, ya iso daga Maiyama ya zauna gefen tabarma. Kowa ya gaishe shi. Ni hancina na cikin littafi.

Suka yi ta fama da tsohuwar. Ɗan'ige ya zare wuƙa ya mayar. Bello ya fara laluben takalmi. Can Kawu ya yi gyaran murya.

"Wai tsohuwar ga, cikinku wa ya gaishe ta?"

Na buɗe shafi na ɗaya har na huɗu, babu gaisuwa ko ta magani.

"Kawu, ai ba ya cikin tsari," in ji ni, har da murmushi.

"Awo, na gani," ya ce. "Ni ma tun ɗazu nike zaune, ban shiga tsari ba."

Wallahi na so tabarmar ta naɗe ni. Bello ya yi dariya har ya saki takalmin. Na durƙusa na gaishe da Kawu.

Shi ya karɓi matsayin tsohuwar. Sai da Ɗan'ige ya tambayi lafiyar jikokinta da awakinta kafin ta nuna mashigi, kuma washegari Bello ya riga kowa zuwa.

Har yau ina tsara wasan, ga jikokina yanzu. Amma kafin in buɗe littafi, nakan ɗaga kai in duba wa ke zaune gefen tabarma.